Injektar da Injiniya Bai Zaɓa Ba

Ranar da abin ya fara, ba abin da ya bambanta ta da sauran ranaku. Rana ta yi ja tana shirin faɗuwa, Mama na kwashe shanya, Auta na bakin ƙofar kicin tana goge takalmin makaranta. Baba ya dawo daga gareji, ko hannu bai wanke ba ya wuce ƙarƙashin rumfar kwanon da ke tsakar gida, ya yaye tampol ɗin da wata bakwai ba wanda ya taɓa.

Motar babban ɗansa ce a ƙarƙashi, wanda duk layin ke kira Injiniya. Shi ya sayo ta a mace, ya shekara biyu yana gina injinta, har ya ɗora mata supacaja, abin nan da ke ɗura wa inji iska da ƙarfin tsiya. Saura kaɗan ya gama, zazzaɓi ya kwantar da shi. Kwana huɗu. Shi ke nan.

A kan benci ya bar kwali biyu na injekta, masu fesa mai cikin inji, ɗaya matsakaita, ɗaya manya. Ga kuma sensa biyu masu auna iskar da ke shiga. Bai rubuta komai ba. Baba kuwa shekara talatin yana kanikanci, amma ɗan zamanin kafireta ne, da kunne yake gyara. Abin da ya sani dai, in mai ya yi wa wannan iskar kaɗan, fistin zai narke. In ya yi yawa, inji ya shaƙe, sai baƙin hayaƙi. In kuma sensa ta gaza auna iskar, ƙwaƙwalwar motar ta makance, komai kyan injektar.

Baba ya dubi kwalayen biyu. Can ya miƙa hannu ya ɗauki kwalin manyan.

Ƙwas! Wani abu ya faɗo kan kwano. Ya gangaro a hankali, ya faɗi gaban ƙafarsa. Ba dutse ba ne, noti ne, kuma da ɗuminsa. Na biyu ya biyo, na uku. Sai gidan ya yi tsit, har kajin maƙwabta suka yi shiru.

"Tsoho, ajiye wannan."

Mutum ɗaya ne a duniya ke ce masa Tsoho. Baba ya waiwaya. Auta ce tsaye a bayansa, takalmi ɗaya a hannu, idonta a buɗe amma ba shi take kallo ba. Muryar da ta fito daga bakinta ta yayanta ce, har da 'yar dushewar nan da yake yi in ya gaji.

Mama ta saki kayan shanya tana salati. Baba ya ajiye kwalin.

Daga ranar, kullum haka. Rana na faɗuwa notuna za su fara sauka, Auta ta miƙe kamar an ja ta da igiya, ta nufi rumfa. Kafin duhu ya gama rufewa ta zube, ta farka ba ta san komai ba, sai maƙogwaro na mata zafi.

Mama ta ce a kira malam tun daren farko. Baba ya ce gobe. Da goben ta zo ya ce jibi. Gaskiyar ita ce, tun la'asar yake rufe gareji ya dawo, ya jera sifanu, ya zauna yana jiran rana ta faɗi.

"Tsoho, har yanzu da baki kake hura fulogi?" muryar za ta ce. "Zamani ya wuce ka."

"Zamanin ubanka," Baba zai ce, yana dariya, hawaye na bin gemunsa.

Da hannun Auta muryar ta nuna masa wayar da aka haɗa a juye. Ta nuna masa inda bututun iska ke yoyo. Ta yi masa bayanin cewa injekta da sensa tare ake zaɓarsu, ba a ɗaukar ɗaya a bar ɗaya, don abin da sensa ta auna shi injekta ke ba wa mai. Komai daidai, Baba ya duba ya gani. Amma duk sanda ya ce, "To wanne kwalin?" sai muryar ta ce, "Gaggawar me kake? Gobe."

Auta kuwa ƙarewa take. Yarinyar da ba ta iya zama wuri ɗaya, yanzu sai a same ta jingine da bango tana kallon ƙasa. Ta daina makaranta. Loma biyu take yi ta ture kwano. Wuyan hannunta ya koma kamar na 'yar shekara bakwai. Baba yana gani. Wallahi yana gani. Sai ya ce wa kansa kwana ɗaya dai, a gama motar yaron, daga nan a nemi magani.

A rana ta tara Mama ta tare shi a bakin ƙofa.

"Baban yara, na aika a kira malam."

"Ban ce ki jira ba?"

"Na jira. Ɗaya an ɗauke mini shi ina ji ina gani, ba yadda na iya. Wannan kuwa kai kake miƙa ta da hannunka." Ta share ido da bakin mayafi. "Kana zaton ni ba na son jin muryar? Ɗaki nake shiga in toshe kunne."

Malamin ya iso rana na gab da faɗuwa, dattijo ne marar yawan magana. Ya ƙi kujera, ya zauna kan tsohuwar taya a bakin rumfa. Da notin farko ya sauka ko kai bai ɗaga ba. Auta ta taho, Mama ta riƙe ta ta zaunar, malam ya fara karatu a hankali, can ƙasa-ƙasa.

Jikin yarinyar ya ɗauki rawa. Sai muryar ta fasa kuka.

"Tsoho! Tsoho, yana ƙona ni! Ni ne fa! Za ka bari?"

Baba ya zabura. Malam ya ɗaga hannu ɗaya, bai daina karatu ba sai da ya kai ƙarshen ayar.

"Zauna, bawan Allah. Ɗanka yana inda ba a dawowa, Allah ya jiƙansa. Wannan ba shi ba ne, kai ma ka sani." Ya juya ga Auta. "Ajiye muryar da ba taka ba. Wane ne kai?"

Da maganar ta dawo, wata murya ce daban, siririya, tsohuwa, kamar iska na bi ta ramin ƙofa.

"A rumfar nan nake tun kafin a sa mata kwano."

"Me yarinya ta yi maka?"

"Ba komai. Ita ce ta fi kusa." Numfashi. "Shekara biyu yaron yana aiki yana magana shi kaɗai. Yana wa inji faɗa, yana ba shi haƙuri. Ina saurare. Ban taɓa shi ba. Rana ɗaya aka lulluɓe motar, bai ƙara zuwa ba. Shirun ya yi mini yawa. Da tsohon ya yaye tampol, na ga shi ma shirun ne ke cinsa."

"Sai ka ci 'yarsa don ku yi hira."

"A ba ni yamma ɗaya. Ɗaya tak. In faɗa masa kwalin da yaron ya zaɓa, da sensar da za ta bi shi, a tada motar, mu ji ta tare. Daga nan in tafi, na rantse."

Malam ya juya ya kalli Baba.

Baba ya dubi bencin. Kwalayen na nan, taku uku tsakaninsa da su. In ya ce e, gobe war haka injin zai yi ruri, kuma za a ƙara ce masa Tsoho. Ya dubi Auta. Kanta ya langaɓe a kafaɗar uwarta, leɓenta ya tsage, jijiyar wuyanta na bugawa kamar ta ɗan tsuntsu.

"Ba na son sani," ya ce. "Ba na so. Sakar mini yarinya."

"To bari in yi maka sallama da muryarsa."

Nan ne Baba ya rufe fuska da tafin hannu.

"A'a."

Malam ya ci gaba da karatu, yanzu da ƙarfi. Kwanon rumfa ya yi ƙara kamar ana taka shi. Cikin ƙarar, siririyar muryar ta ce, "Ƙarya na yi. Bai zaɓa ba. Kullum sai ya ɗauka ya ajiye, ya ce bari in tambayi Tsoho, shi yake jin inji."

Auta ta yi atishawa sau uku, jikinta ya saki.

"Kar ka riƙe maganarsa," malam ya ce yana miƙewa. "Wanda ya ce maka ƙarya ya yi, ba ka san a ina ya daina ba." Ya faɗa wa Mama abin da za a riƙa karantawa safe da yamma, ya tafi.

Can Auta ta buɗe ido. Ta dubi Mama, ta dubi Baba, ta ɗaga hannuwanta tana juya su.

"Baba, me ya sa hannuna duk baƙin mai?"

Muryarta ce, 'yar ƙarama, a shaƙe. Baba ya tashi ya ɗebo ruwa da sabulu, ya durƙusa a gabanta. Ya kama yatsun ɗaya bayan ɗaya yana wankewa, har ƙarƙashin farce.

"Baba, kuka kake?"

"Sabulu ne. Miƙo ɗayan."