Hannun Matar Ɗa

Nansubuga na tsakar gida tana ɓare matoke, ayabar nan ta dafawa, sai ta ji "tim!" daga banɗaki. Surukinta ne, Mzee Matovu, ya zame. Mijinta Lubega yana wurin aiki can cikin garin Masaka, gidan babu kowa sai ita.

Ta tsaya bakin ƙofa. Wa bai sani ba a nan ƙasar Buganda? Matar ɗa ba ta taɓa uban miji, wai ciwon karkarwa zai kama shi. Amma ga jini na bin goshin tsoho! Ta runtse ido ta rufa masa zane, ta ciccibe shi zuwa gado.

Ba a yi sati ba Gwaggo Nabukenya, ƙanwar tsohon, ta dira da jakarta, ita da dama ba ta raina abin faɗa. Tana ganin hannunsa na rawa ta ɗora hannu a ka.

"Wayyo, ta taɓa shi! Lubega, yau ɗin nan za ta koma gidansu. Shi kuma a kai shi gidan tsofaffi a Kampala."

"Gwaggo, da sai in bar shi cikin jini?" in ji Nansubuga. Ta juya ga mijinta. "Haba maigida, kai ma ba za ka ce komai ba?"

Lubega ya sunkuyar da kai. Wallahi shirun nan ya fi ihun Gwaggo yi mata ciwo. Ta shige ɗaki tana haɗa kaya tana kuka.

"Ku dakata!" Muryar Mzee ce. Ya lalubo wata takarda a aljihun rigarsa ya miƙa wa ɗansa. "Karanta kwanan watan."

Takardar likita ce, ta shekara biyu da suka wuce, tun kafin a ɗaura auren Lubega da Nansubuga.

"Tun lokacin nake karkarwa," in ji tsohon. "Ɓoyewa na yi, don kada ku kai ni inda ban san kowa ba. Yanzu kuma tsorona zai kashe auren yarinyar da ta ɗauke ni daga ƙasa? A'a."

Gwaggo ta kama gyaran ɗankwali.

Lubega ya bi matarsa ɗaki ya durƙusa, abin da namiji ba ya yi a garin. "Na ji kunya, Nansu. Ki yafe min."

"Sai na yi shawara," ta ce, amma ta riga ta saki jakar, har da ajiyar zuciya.

Aka samo ma'aikacin jinya namiji da zai riƙa zuwa kullum da safe yana yi wa Mzee wanka, maganar Kampala ta bi ruwa. Haƙuri ya yi rana. Tsoho kuwa, a tambaye shi abin da yake tsoro kafin a yanke masa hukunci.

Da la'asar Nansubuga ta kawo shayi, ta ajiye daga nesa kamar kullum. Mzee ya dube ta.

"Matso, 'yata. Riƙe min kofin, na gaji da shan rabi ina zubar da rabi."