Marlys a Sahun Baya

Kwana da kwanaki ke nan abu ɗaya ke cin ran Marlys Haugen, ko abinci ta kai baki sai ta ji kamar dusa. Ranar Asabar ce Tobias, saurayin 'yarta Annika, zai jagoranci mawaƙan cocinsu da wasu masu goge a gaban malamansa na jami'a, kuma wannan ce jarrabawarsa ta ƙarshe ta digiri na biyu. Ita kuwa ta riga ta ce ƙafarta ba za ta taka wurin ba, matan da suke waƙa tare duk suka bi bayanta.

Tana kicin tana feraye dankali Annika ta shigo, ko ƙanƙarar da ke takalminta ba ta kakkaɓe ba.

"Momi, jiya matan da suka zo gwaji ko hannu ɗaya ba su cika ba."

"Ni na ɗaure musu ƙafa?"

"Ke ce mana. Anti Arlys ta ce inda kika tsaya nan suka tsaya. In ya faɗi sai ya sake shekara guda, bikinmu kuma ya bi ruwa. Haka kike so?"

Marlys ta ci gaba da feraya ba ta ɗago ba. Ta ce ita tun farko ba ta ga sana'a a kaɗa hannu ba. Wani ya yi karatun likita, wani na gini, shi kuwa shekara da shekaru yana koyon juya wa jama'a ƙeya da ɗan tsinke a hannu. Vern, mijinta, ya leƙo daga bayan jarida ya ce ai ita ma ta daɗe tana kaɗa wa mutane kai a coci, ba a dai ba ta digiri ba ne. Kallo ɗaya ta yi masa ya koma cikin jaridarsa.

Gaskiyar da Vern ya taɓo ita ce tushen rigimar. Tun Annika tana goye cocin ba shi da jagoran waƙa, mai piyano ce kawai, sai Marlys a tsakiyar sahun gaba. In ta ja numfashi kowa ya ja, in ta gyaɗa kai a shiga, in ta ja baiti a bi ta a ja. Da Tobias ya roƙi fasto aron mawaƙan don jarrabawarsa, har murna ta yi, ta toya masa kek. Ran nan malamarsa ta zo kallon gwaji, ta yi masa magana a kunne ta tafi. Mako na zagayowa ya sake wa kowa wuri, ya ce cikin fara'a, "Maman Annika, ke kuma can baya, kusa da taga." A gaban kowa. Marlys ta rufe littafinta, ta ɗauki kwat ɗinta ta fita.

Tun daga ranar ta hana shi cin abincin Lahadi a gidan. Annika ta yi kuka, ta yi fushi, ta daina cin abinci, har ta ce wa Tobias su je kotu a ɗaura musu aure kowa ya huta. Ya ƙi. Ya ce ba zai ɗauki 'yar mutane uwarta na hawaye ba. Duk safiyar da ƙanƙara ta zuba sai Marlys ta tarar an share mata ƙofar gida, ba sallama, ba neman godiya. Wannan ma haushi yake ƙara mata, don ta rasa abin da za ta kama ta ce ga laifinsa.

Ranar Alhamis da la'asar ta kai abincin zaman makoki ɗakin taro na ƙasan coci, sai ta jiyo piyano a sama. Ta ce a ranta bari ta hau ta amayar wa Tobias da abin da ke cikinta. Ta tarar da maza a jere, mata 'yan tsiraru, kowace tana raɓe-raɓe da murya kamar mai tsoron taka ƙaya. Tobias na ganinta ya ba su hutu, ya sauko.

"Yaro, me na yi maka ka tozarta ni a gaban ƙawayena?"

"Na yi kuskure, Mama. Kamata ya yi in zo gida in same ki tukuna. Ki yafe mini."

Ta zo da shirin faɗa, sai ga shi ba abokin yi. Ta ce to ya mayar da ita wurinta magana ta ƙare. Ya sunkuyar da kai ya ce wannan kam ba zai iya ba. Malamarsa cewa ta yi ƙungiyar tana da jagora biyu, ya cire ɗaya gaba ɗaya, shi ne ya roƙa a bar ta a baya.

"Mai goge yana da gogensa, Mama. Ni ba ni da komai sai idanun mutane. In kina gaba, ke suke kallo. In kina baya, muryarki za su ji ta tallafe su, ni kuma su dube ni."

"Wato ko don Annika ba za ka sassauta ba?"

"In na yi miki ƙarya yau don in samu Annika, gobe da wane ido za ki dube ni?"

Marlys ta yi tsaki. Amma maimakon ƙofa, sai ta tsinci kanta tana hawa can kusa da taga, wai don ta nuna masa abin ba zai yi daɗi ba. Aka fara. Ba wanda ya waiwayo ya jira numfashinta, dole ita ma ta ɗaga ido ta bi hannunsa. Nan ta ji abin da ba ta taɓa ji ba: muryoyin maza suna ratsowa ta ƙarƙashi, na mata suna hawa a kai, kowa yana ba ɗan'uwansa hanya. Da ya dunƙule yatsu, waƙar ta ɗauke tsaf a lokaci guda, ba jelar kowa a baya. Sai a lokacin ta gane jelar da aka saba ji tata ce.

Ana tashi ta ɗauki kwat ɗinta ta tafi. Da ta isa gida ta buga wa Arlys waya ta ce kowa ta fito ranar Asabar, kuma kada wadda ta kuskura ta waiwaye ta.

Tobias ya ci jarrabawarsa. Ranar Lahadi ya zauna a teburin gidan, Vern ya tura masa kwanon nama gabansa, aka tsayar da biki farkon bazara. Annika sai kuka take tana dariya. Lallai mai haƙuri shi ke dafa dutse, kuma yaron da ya ƙi sayen mace da daɗin baki ya fi a amince masa da ita.

Sai dai ga inda aka bar Marlys. Fasto ya roƙi Tobias ya ci gaba da riƙe mawaƙan, shi kuma ya ja ta gefe ya ce yanzu da babu malamai a kansa, wurinta na gaba yana nan in tana so. Zuciyarta na so ƙwarai, har yanzu in ta ga Arlys, wadda aka sa a wurin, sai ta kau da kai. Kunnenta kuma ya riga ya ji abin da ya ji. Ta koma gaba ta ɓata wa surukinta aiki, ko ta zauna a baya ana cewa yaro ya sauke ta? Ku da kuka karanta, iyaye mata musamman, me kuke ganin ya kamata ta yi?