Layi na Casa'in da Tara

Ƙafafunsa ta fara gani. Auta ta shigo ofis da safe ta tarar da rabin mutum a ƙarƙashin teburinta, yana zare igiyar wayarta daga bango.

"Malam, lafiya? Wayata ce fa."

Ya fito yana kakkaɓe gwiwa, dogo, tabarau ya zamo masa har kan hanci. Ya dube ta, ya manta da igiyar da ke hannunsa.

"Ki yi haƙuri, ranki ya daɗe. Daga yau ta yi ritaya."

Kamfanin na Abbanta ne, na tayil da kayan banɗaki, rassa uku. Ita ce autarsa, ita ke karɓar kiran masu saye. Abba ya gaji da kiran da ke ɓacewa tsakanin rassa, ya ɗauko masu mayar da wayar ofis kan intanet: manhaja guda, kowa ya ɗauki kira ko ya aika saƙo daga kwamfutarsa, har taro a yi ta bidiyo. Wannan shi ne injiniyan da suka turo.

Kwana uku yana bin teburi ɗaya bayan ɗaya, yana sa wa kowace kwamfuta suna a cikin manhajar. Ranar da ya tara su don koyarwa, ya rubuta lamba casa'in da tara a farin allo, da kalmar sirrinta a ƙasa.

"Wannan layina ne, na gwaji. Kowa ya shiga ya koyi hannu. Idan na gama aiki zan rufe shi."

Bai rufe ba. Hankalinsa na kan teburin bakin ƙofa, na Auta.

"Duk wanda ya kira ya danna ɗaya, ke zai samu," ya ce mata yana gyara mata abin sauraro a kunne. "Kuma duk wata suna turo sanarwar abin da suka sabunta. Ba mai karantawa."

"Ni zan karanta."

"Haka kowa ke cewa, Lamba Ɗaya."

Sunan ya bi ta. Bayan kwana biyu saƙo ya shigo wayar hannunta:

"Lamba Ɗaya, gwaji nake yi. Idan saƙon nan ya iso, ki yi murmushi. Idan bai iso ba, ki faɗa mini in zo da kaina."

Ta ciji leɓe ta rubuta: "Bai iso ba."

Wata uku saƙo yana ƙin isowa. Umma ta san da maganar, Abba ma ya ji, ya ce a ba shi lokaci ya duba yaron. Mutum ɗaya ne abin bai yi wa daɗi ba. Manaja ya shekara goma sha biyu a kamfanin, sau biyu yana neman auren Auta tana ba shi haƙuri cikin mutunci. Yana wucewa ya ga tana dariya ita kaɗai da waya, ya ce, "Ƙanwata, aiki dai ko?" Ta ce, "Aiki, Manaja."

Wata Laraba wani ɗan kwangila, babban mai sayen kayansu, ya faɗo ofis da wayar matarsa a hannu, ya tsaya a gaban Abba a fusace. Saƙo bakwai aka aika mata daga lambar kamfani, kowanne da sa hannun layi na casa'in da tara. Ya karanta ɗaya da ƙarfi:

"Hajiya, tun da na ji muryarki a waya na kasa aiki. Idan maigida ya yi tafiya ki sanar da ni. Naki, Injiniya."

Manaja ya girgiza kai. "Yallaɓai, na daɗe ina ganin take-takensa, kunya ce ta hana ni faɗa."

Abba bai jira komai ba. Ya kira kamfanin su Injiniya, kafin la'asar sun sallame shi. A gida ya ce, "Kada in ƙara jin sunan yaron nan a bakin kowa." Ranar Litinin, a taron bidiyo na rassa uku, Manaja ya maimaita labarin tiryan-tiryan, wai don kowa ya ɗauki darasi.

Auta ta yarda, kuma wannan ne abin da ya fi ci mata rai daga baya. Ta rubuta wa Injiniya:

"Ashe ba ni kaɗai kake wa gwaji ba. Kada ka ƙara nemana."

Ya amsa:

"Wallahi ban rubuta ba. Laifina ɗaya, na manta ban rufe layin ba. Ba ni da shaida sai Allah. Don Allah ki riƙa cin abinci, na san halinki."

Ba ta amsa ba. Ta rame, ta daina kwalliya, murya kawai ta rage mata ta karɓar kira. Manaja kuwa ya samu sabon kuzari, kullum sai ya tsaya a teburinta ya tambayi lafiyar Umma.

Abu ɗaya ta kasa dainawa, karanta sanarwar wata. Kwana arba'in da biyu bayan abin, ta buɗe ta wannan watan da niyyar gogewa. An gyara sautin taro, an ƙara launuka. Sai layi na huɗu: mai kula da manhaja zai iya ganin na'urar da aka aika kowane saƙo daga gare ta, har na watanni shida baya.

Masu kula biyu ne, ita da Abba. Abba kuwa ko kalmar sirrinsa bai riƙe ba.

Ta shiga casa'in da tara, ta danna saƙon farko. A ƙasansa, da ƙananan baƙaƙe, ga sunan da Injiniya ya rubuta da hannunsa tun ranar farko: Kwamfutar Manaja, babban ofis. Ta danna na biyu. Ta danna har na bakwai.

Ba ta yi kuka ba. Ta ɗaga kai ta hango Manaja ta gilashi yana shan shayi, yana wa wani dariya a waya. Ta yi masa kallon da bai gani ba.

A gida ta nuna wa Umma.

"Innalillahi. Tashi ki kai wa Abbanki ɗaki."

"A ɗaki aka ci mutuncinsa, Umma? A gaban rassa uku aka yi. A nan zan mayar."

Umma ta ce, "To ji nan. Abin da kwamfuta ta nuna shi za ki faɗa. Ba zagi, ba ƙari ko na kalma ɗaya. Kuma kafin ki hukunta wani, je ki ba wanda kika zalunta haƙuri."

Ta sami Injiniya da rana a shagon wani abokinsa, yana gyaran wayoyin hannu. Ya rame shi ma. Ta miƙa masa takardar da ta buga, ya karanta, ya cire tabarau ya goge, ya sake karantawa.

"Kin karanta sanarwa," ya ce a hankali.

"Na ce maka zan karanta. Ka yafe mini. Ka rantse mini ban yarda ba."

"Tun ranar na yafe, Lamba Ɗaya. Ki nuna wa Abba kawai, shi kuma a bar shi da Allah."

"Kai ka yafe naka, wannan ruwanka. Nawa ban yafe ba. Ya raba ka da aikinka, ya ɓata sunan matar mutane, ya sa na kwana arba'in da biyu ina tsanarka, sannan ya zo yana tambayata lafiyar Umma. Litinin tana zuwa."

"Kina ba ni tsoro fa."

"Gara ka sani tun yanzu."

Litinin ta zo. Fuskoki goma sha ɗaya a kan allo, Abba a ofishinsa, Manaja a nasa. Da aka zo ƙarshe Auta ta ce tana da sanarwar manhaja.

"Ƙanwata, a bar wannan, mutane na da aiki," in ji Manaja.

"Minti biyu ne. An ce a tantance waɗanda suka taɓa shiga tsofaffin layuka. Manaja, ka taɓa shiga casa'in da tara?"

"Ni? Layin wancan ɗan iskan? Ko hanyarsa ban sani ba."

"To kwamfutarka fa, akwai mai taɓa ta?"

Ya yi dariya, ya ɗaga makulli ya kaɗa a gaban kyamara. "Wa ya isa? Ko mai shara sai ina tsaye take shiga."

"Madalla. Kowa ya ji."

Ta danna, allonta ya bayyana a gaban kowa. Ta bi saƙonnin ɗaya bayan ɗaya, ba ta karanta abin da ke ciki ba saboda mutuncin matar, rana da lokaci da sunan na'ura kawai take faɗa, da irin muryar da take gaishe da masu saye. Kwamfutar Manaja, babban ofis. Sau bakwai ta faɗa, ba ta yi sauri ba ko sau ɗaya.

A reshe na biyu wata ta dafe baki. Manaja ya fara magana, hannunsa ya bugi abin kashe murya, aka bar shi yana ta motsa baki yana nuna sama, ba mai jin komai. Ba wanda ya ce masa ya kunna.

Abba ya cire hularsa ya ajiye a kan tebur.

"Shekara goma sha biyu," ya ce. "Makullin da ka nuna mana, kawo shi nan. Auta, rufe layinsa."

"Na rufe, Abba."

Fuskar Manaja ta ɓace daga allon. Sai a lokacin Auta ta ji numfashinta ya sauka har ciki.

A ranar Abba ya kira ɗan kwangila da kamfanin su Injiniya, ya faɗi gaskiya da bakinsa, ya aika musu da takardar. Da yamma ya sa Auta ta nuna masa hanyar shagon. Injiniya ya miƙe da sauri har ya zubar da ƙananan sukurori.

"Zauna, ɗana. Na yanke maka hukunci ban ji ta bakinka ba. Ka yafe mini."

"Haba Abba, ba komai wallahi."

"Akwai komai. Amma kai ma ka bar ƙofa a buɗe."

"Na bari, Abba."

"Me ya ɗauke maka hankali?"

Injiniya ya sunkuyar da kai. Auta ta juya tana duban bango. Abba ya dube su duka biyun, ya yi gyaran murya.

"To. Sun ce ka koma aiki gobe. Ka fara da rufe layin nan na casa'in da tara, sannan ka turo mini manyanka."

Bayan wata biyu aka ɗaura aure. Umma ta riƙe hannayensu biyu cikin nata ta ce, "Allah Ya sa albarka, Ya ba ku zaman lafiya da zuri'a ta gari. Duk wanda ya kawo muku maganar ɗayanku, ku fara tambayar juna kafin ku yarda." Ta dubi ango. "Kai kuma ka ga abin da take iyawa, sai ka kiyaye." Ɗaki ya ɗauki dariya, aka shafa da amin.

A mota, suna zaune kafaɗa da kafaɗa, wayarta ta yi ƙara a cikin jaka.

"Lamba Ɗaya, gwaji nake yi. Idan saƙon nan ya iso, ki yi murmushi."

Ta dube shi ta gefen mayafi, ta rubuta a hankali:

"Ya iso, angona. Ya daɗe a hanya, amma ya iso."