Ƙwayoyin Cikin Kwalbar Turare

Khairat na zaune a tsakar gidansu da ke unguwar Gwange a Maiduguri tana tsince shinkafa, ƙafafunta a kumbure saboda tsohon ciki, sai surukarta Ya Kellu ta fito daga ɗakin Khairat riƙe da kwalbar turaren wuta.

"Ke, zo nan. Na buɗe in ɗibi turare, sai na ga wannan. Mene ne?"

Ƙwayoyi ne cike da kwalbar. Khairat ta ajiye shinkafar ta taso.

"Na ƙarin jini ne, Ya."

"Na ƙarin jini ake ɓoyewa a bayan akwati? Na san irinsu. Da su 'yan zamani ke zubar da ciki. Jikana ne ba kya so."

Ta juye su a gefen zanenta ta ƙulle tam. Daga ranar kuma ta hana Khairat fita, ko asibiti.

Abin da Ya Kellu ba ta sani ba, Khairat na ɗauke da cutar ƙanjamau, ta samo ta wurin mijinta na fari da ya rasu. Mikail, ɗan Ya Kellu, ya san haka tun gwajin da aka yi musu kafin ɗaurin aure. Shi lafiyarsa lau, ya ce ya ji ya gani. Ƙwayar nan guda ɗaya kullum ita ke danne cutar, ita ke tsare shi, ita ce kuma za ta hana abin da ke cikin ya ɗauka. Sun ɓoye wa tsohuwar. Khairat ba ta da iyayen da za ta je goyon ciki wurinsu, shi ya sa Ya Kellu ta tare a gidan don ta kula da ita.

Da la'asar Mikail ya dawo daga kasuwar kifi ta Baga Road, jikinsa duk ƙaurin banda. Khairat ta ja shi ɗaki.

"Ta kwashe duka, Yaya. Yau ban sha ba."

Ya zauna bakin gado ya dafe kai. "Ki yi haƙuri, zan lallaɓa ta."

Bai lallaɓa kowa ba. Ya je asibiti shi kaɗai don ya karɓo wasu ƙwayoyin, aka ce sai mai ciki ta zo da kanta an duba ta. Ya dawo ya tsaya ƙofar uwarsa, ya gaishe ta, ya wuce. Kwanaki suka yi ta tafiya. Namijin da ke ɗaga buhun kifi shi kaɗai ya kasa ɗaga harshensa.

Ranar Juma'a Khairat ta tare shi yana shirin masallaci. Ba ta yi kuka ba, ta gaji da kukan.

"Idan ka faɗa mata, za ta ce ka sake ni. Na sani. To ka faɗa ɗin. Gara in fita da ɗa mai lafiya da in zauna a ɗakinka in ba shi abin da ke jikina."

Mikail ya ajiye hularsa. Ya je ya durƙusa gaban uwarsa ya faɗi komai, kansa a ƙasa.

Ya Kellu ta dube shi.

"Ka sani ka aure ta?"

"Na sani, Ya."

"Ni kuma ka bar ni ina cin tuwon hannunta kamar tunkiya. Ka sallame ta."

"Ban taɓa ƙin maganarki ba, amma wannan ba zan iya ba. Ki zage ni, ki dake ni. Maganin dai ki ba ta, don jikanki ne yake sha."

"Ƙarya kake."

"To mu je ki ji da kunnenki."

Ta je ne don ta ƙaryata shi. A asibitin wata ma'aikaciya mai suna Sista Ketura ta zaunar da su, ta dubi tsohuwar.

"Mama, ba a ɗauka a tuwo ko a kofi. Matan da ke shan maganin nan kullum, kusan dukansu lafiyayyun 'ya'ya suke haifa, har su shayar da su. Amma ranar da aka tsallake, an buɗe wa cutar ƙofa. Ina ƙwayoyin?"

Ya Kellu ta kwance gefen zanenta. Duk sun jiƙe da gumi sun dunƙule. Aka zubar, aka ba da sababbi.

Ba ta yi wa Khairat magana ba a hanya, ba ta kuma yi mata ba a gida. Ta ware kofinta, ta daina cin girkinta. Amma washegari da ta idar da sallar asuba, sai ta buga ƙofarsu.

"Ke. Kin sha?"

"Yanzu zan sha, Ya."

"Sha ina gani."

Haka ta yi kullum, fuska a ɗaure, har Khairat ta sauka a asibiti, ta haifi namiji aka sa masa Uwais. Ya Kellu ce ke ɗura wa jaririn nasa maganin na ruwa, ba ta yarda da hannun kowa ba. Khairat ta haƙura da shirun, ta haƙura da harara, tana gaishe ta safe da yamma ko an amsa ko ba a amsa ba.

Aka yi wa yaro gwaji yana jariri, babu. Aka sake bayan yaye, babu. Ranar ce Ya Kellu ta jawo kwanon Khairat ta sa hannu a ciki.

"Miyar nan gishiri ya yi yawa," in ji ta, ta ci gaba da ci.

Khairat ta juya baya tana share ido da mayafi.

'Yan mata da samari, ku ji. Khairat ta ci ribar haƙurinta, amma tsoron baki ya kusa sa su cuci yaron da bai san komai ba. Wadda ke da ciki tana da wannan cuta ta je asibiti da wuri, ta sha maganinta kullum ba fashi. Miji kuma ya buɗe baki tun ranar farko. Faɗan uwa yana wucewa, abin da ya shiga jinin ɗa ba ya fita.