Masu Haya a Motar Maigida

Magariba ta kawo jiki, uwargida tana kwashe shanya, sai fitilun motar maigidanta suka kama. Motar da aka cire wa batir tun bara.

Maigidan ma'aikacin asibiti ne. Ya saye ta kwance, wato ta hannu, irin ta zamani wadda komai nata sai da na'ura. Bai daɗe yana morar ta ba ƙwaƙwalwarta ta ƙone. Bakanike ya ce ba a gyarawa, sai dai a sauya. Masu kayan gyara suka ce kamfani ya daina yin irinta. Wadda aka aiko daga waje ta iso, ta ƙi aiki. Haka motar ta zauna a gindin katanga, tayoyi suka sace, shi ma ya gaji da zancenta.

Tun daga ranar da fitilun suka kama, kullum da faɗuwar rana sai tsakuwa ta riƙa sauka a kan rufin kwano. Wani lokacin a ji ana hira ƙasa-ƙasa a kujerar baya. Suka yi ta haƙuri, har ranar da autarsu ta jingina da ƙofar motar, ta yanke jiki ta faɗi. Sannan aka kira malam.

Malam ya daɗe yana karatu a kanta. Can yarinyar ta buɗe baki da muryar tsohuwa.

"Kango na tarar, na shiga da jikokina. Yarinyar nan ce ta danne mini ƙaraminsu."

"Kangon yana da mai shi," in ji malam. "Ki fita."

"To mai shi ya tayar da motar. In ta motsa da kanta, mun tashi."

Malam ya dubi maigidan. Shi kuwa ya sunkuyar da kai.

"Allah gafarta malam, kayanta babu. Ba inda ban je ba." Ya nisa, ya juya wajen 'yarsa. "Baiwar Allah, na bar miki motar. Ki sakar mini yarinya."

Malam ya gindaya sharaɗi: za a ja motar zuwa bayan gari, tsohuwar kuma ba ta ƙara taka gidan. Muryar ta rantse. Yarinyar ta yi atishawa, ta buɗe ido, ta ce Mama ƙishirwa.

Washegari babbar mota ta zo ta ɗaura mata sarƙa. Maigidan bai ko leƙa waje ba. Uwargida ta shigo da abu a tafin hannu.

"Baban Auta, makullin fa?"

"Jefa musu a ciki," ya ce. "Wanda ya ba da gida ba ya riƙe makulli."