Allurar Meshak da Tukunyar Mama

"Wannan ne abincin? Wannan?"

Mama, uwar mijin Afiniki, ta ɗaga murfin kwanon ta leƙa, ta sake leƙawa, kamar akwai abin da ya ɓuya a ƙarƙashin tuwon accan. Ko kayanta ba ta gama saukewa ba, daga Kagoro ta taso tun da safe.

"Shi ne, Mama," in ji Afiniki, tana durƙushe.

"Miya ba mai, ba nama, sai ganye kamar abincin akuya! Namijin da ke wuni a gaban wutar jirgi za ki ba wannan? Ashe gaskiya mata suka faɗa mini a coci!"

"Mama, likita ne ya ce..."

"Likita ne ya aure shi, ko ke?"

Afiniki ta sunkuyar da kai. Amsa tana bakinta, amma ba ta da ikon faɗinta.

A ƙungiyar mawaƙan coci ta haɗu da Meshak, bayan an gama yaƙin basasa. Dogo ne, mai yawan dariya, aikinsa zuba kwal a injin jirgin ƙasa. Suka yi aure suka tare a kwatas ɗin reluwe na Kafanchan. Ba su daɗe ba hangum ya kama shi da girmansa, ciwon ya sauka ƙasa, ya kumbura shi. Ya warke, amma ba Meshak ɗin da ta sani ne ya tashi ba. Gemunsa ya daina fitowa, shebur ya yi masa nauyi, in ya kwanta sai ya juya mata baya don kunya.

A shekarar da aka canja kuɗi zuwa naira ta ja shi zuwa wani asibitin mishan. Likitan ya auna shi, sannan ya zaunar da su su biyu.

"Akwai wani abu da jikin namiji ke yi da kansa," ya ce. "Shi ke ba shi ƙarfi da gemu da sha'awar matarsa. Ciwon nan ya lalata inda ake yinsa. Za mu riƙa ba shi ta allura, sau ɗaya a wata. Sau ɗaya, kun ji? Na kuma ga suga a fitsarinsa, ga kitse da yawa a jininsa. In allurar ta wuce ƙima jini yakan yi kauri, in kitse ya haɗu da shi sai hanyoyin zuciya su toshe. Saboda haka ba zaƙi, ba maiƙo. Acca, wake, ganye."

"Likita, haihuwa fa?" Meshak ya tambaya, muryarsa can ƙasa.

"Ƙarfi zai dawo. Haihuwa kuwa, kada in yi muku ƙarya, ba za ta zo ba."

A hanyar gida ya tsayar da keke a gindin wani mangwaro, ya kama hannuwanta biyu.

"Afi tawa... kada Mama ta ji. Yayana ya tafi yaƙi bai dawo ba, ni kaɗai na rage mata. In ta ji gidan Baba ya ƙare a kaina, kashe ta za mu yi."

"To, me za a ce mata?"

"Kada a ce komai."

Ta san abin da hakan ke nufi. In ba a ce komai ba, ita za a nuna da yatsa. Ta dubi idanunsa da suka yi ja, ta ce ta yi alkawari.

Allurar ta yi aiki. Meshak ya dawo yana waƙa a wajen wanka, yana ɗaga ta sama tana ihu tana dukan kafaɗarsa. Yana cin tuwon acca yana tsokanarta wai ta mayar da shi zomo. Ita kuwa tana haɗiye maganganun dangi, har ta saba da yadda mata ke kallon cikinta kafin su kalli fuskarta.

Sai ga Mama ta zo.

Da yamma tsohuwa ta kwance ƙunshinta: tulun zuma daga kan dutse, naman alade mai kitse, kwalbar man ja. Ta ɗauko tukunyarta ta ɗora a murhu. A wajensu, in uwar miji ta ɗora tukunyarta a murhun ɗanta, matar gida ja da baya take yi. Ba a sauke ta, ba a kuma tambayar ranar da za a sauke.

"Yarinya, ba faɗa nake yi da ke ba," in ji Mama, tana hura wuta. "Ke dai ba ki sani ba ne. Allura mai ƙarfi jini take sha. Duk wanda ake yi wa ita sai an ciyar da shi, in ba haka ba ita za ta cinye shi. Kowa ya san wannan."

"Mama, yana da ciwon suga."

"Wa ya ce zan ba shi suga? Zuma zan ba shi. Zuma magani ce, har a Littafi Mai Tsarki an yabe ta."

Meshak ya shigo baƙi ƙirin da ƙurar kwal. Yana ganin uwarsa ya jefar da keke.

"Tsohuwa! Wa ya sake ki daga dutsen Kagoro?"

"Rufe mini baki, mara kunya! Dubi wuyanka kamar na zakaran da aka fige. Zo nan in gan ka."

Ta zuba masa nama har kwano ya cika. Ya ɗago ya dubi Afiniki, ita ma ta dube shi. Mama tana zaune a gabansa, ta zuba masa ido, fuskarta cike da murna. Ya sa hannu ya ci.

Haka aka ci gaba. Da safe kunu da zuma da madarar gwangwani, da rana nama, da yamma tuwo yana iyo a cikin mai. Meshak ya yi ƙiba, fuskarsa ta yi sheƙi, maƙwabta suna ta yaba wa Mama. Afiniki kaɗai ke ganin sauran. Ita ke cika masa randa, ta ga yadda ruwa ba ya kashe masa ƙishi. Ita ke share bayan gida, ta ga tururuwa sun yi layi a inda yake fitsari.

Wata safiya suna tsintar wake, Mama ta matso kusa da ita tana murmushi.

"Ki kwantar da hankalinki, 'yata. Na samo mana mafita. Akwai wani mai allura a bayan kasuwa, yana da irin ta asibitin. Na kai shi an ƙara masa, kuma zai riƙa komawa duk sati. In guda ɗaya ta tashe shi haka, ai in an yawaita ko dutse ne a cikinki sai ya tsaga."

Tiren waken ya suɓuce daga cinyar Afiniki.

Ta same shi a bayan ɗaki yana gyara sarƙar keke.

"Meshak! Gaskiya ne?"

"Yi a hankali, za ta ji..."

"Ta ji mana! Duk sati? Ba kana wurin likita ya yi magana ba?"

"Afi, ta riƙe hannuna kamar yaro ta kai ni. Me zan ce mata? In ce ba ta da amfani? Sai ta ce don me?"

"Sai ka faɗa mata don me!"

Ya ajiye sifana, ya share hannunsa a wando. "Kin san da na fito daga wurin me ta ce? Wai ta riga ta zaɓi suna. In namiji ne sunan Baba za a sa."

Hawaye suka zubo mata. "Ni na yarda a kira ni juya har in mutu. Ban taɓa yi maka ƙorafi ba, ko na taɓa? Amma ban yarda in zauna ina kallo ana kashe mini kai da ƙauna ba. Kai nake so, Meshak. Ba ɗa na aura ba, kai na aura!"

"Na sani, zuciyata."

"Ko ka faɗa mata, ko ni in faɗa. Yau!"

Ya kama hannunta ya ɗora a ƙirjinsa. Ta ji zuciyarsa tana bugawa da sauri, alhali a zaune yake.

"Bari Kirsimati ta wuce. Tun rasuwar Yaya ban ga ta yi dariya irin ta kwanakin nan ba. Ki bar ta ta ci bikin nan da daɗi. Ana gamawa zan zaunar da ita, da bakina. Na rantse miki."

"Allurar fa?"

"Zan riƙa zillewa."

"Abincin fa?"

Ya yi ɗan murmushi. "Zan riƙa ba karen maƙwabcinmu Ejike rabi. Shi ma ai ɗan reluwe ne."

Ta yi dariya cikin kuka, ta buge shi a kafaɗa. Kirsimati ta kusa, ta ga ba wani dogon jira ba ne. Ta yarda.

Bai iya zillewa ba. Mama da kanta take raka shi, ta zauna a benci tana jira.

Ana saura 'yan kwanaki biki, da rana tsaka, Afiniki tana guga masa rigar mawaƙa sai ga Ejike maƙwabcinsu, direban jirgin da Meshak ke yi wa aiki, ya shigo a guje ba ko sallama, yana ihu da Hausarsa ta ɗan koyo.

"Madam, zo maza! Mijinka ya faɗi! Muna shiga tasha ya riƙe ƙirji, shebur ya faɗi, shi ma ya faɗi!"

A motar reluwe aka kai shi asibiti. Likita ya duba shi, ya ga tabon allura a jikinsa ko'ina, ya ɗago ya dubi matan biyu. Bai yi musu faɗa ba. Ya ce jinin ya yi kauri ƙwarai, sugan ya hau, zuciyar ta ji rauni. Ya ce su zauna kusa da shi.

Da la'asar Meshak ya buɗe ido. Mama tana gefe ɗaya tana addu'a da yarensu, Afiniki tana ɗaya gefen riƙe da hannunsa.

"Mama..."

"Na'am, ɗana. Kada ka yi magana. Ka ga abin da nake faɗa, yunwar da aka bar ka da ita tun farko ce ta..."

"Mama, ki ji ni." Ya ja numfashi da ƙyar. "Ba Afi ba ce. Ni ne. Tun ciwon hangum likita ya ce ba zan haihu ba, ko allura nawa aka yi. Ni na roƙe ta ta yi shiru. Abincin da take ba ni... shi ne maganin."

Tsohuwa ta tsaya da baki a buɗe. Ta dubi ɗanta, ta dubi Afiniki, ta dubi tafin hannuwanta.

"Yesu... Yesu! To ni me na yi? Me na yi wa ɗana?"

"Kin ciyar da ni ne, Mama. Ni ne ban faɗa miki ba." Ya juyo da kai a hankali. "Afi tawa, na cika alkawari ko? Ban ma jira Kirsimati ba."

"Yi shiru, kai dai ba ka rabuwa da wasa," ta ce, tana shafa goshinsa. "Ka tashi mu koma gida. Rigarka tana can ban gama guga ba."

"Ki rera babbar muryar waƙar a madadina... muryarki ta fi tawa kauri in kina fushi."

Ya yi murmushi, ya lumshe ido. Kafin rana ta faɗi hannunsa ya saki nata.

A Kagoro aka binne shi, kusa da mahaifinsa. Afiniki ba ta yi kuka a bakin kabari ba, idanunta sun bushe ƙaf, har mata suka fara raɗa. Mama kuwa ba ta ci, ba ta sha.

Bayan an share makoki dangi suka taru a tsakar gida don a yi maganar kayansa da ta matarsa. Afiniki tana zaune a tabarma can gefe, akwatinta a ɗaure. Ƙanin mahaifinsa, Baba Kumai, ya gyara murya.

"To, kamar yadda kowa ya sani, yarinyar nan ta zauna da ɗanmu shekaru, amma tun da Allah bai ba ta haihuwa ba, ba ta bar mana komai..."

"Kumai."

Kowa ya juya. Mama ce ta miƙe, tana dafa bango.

 Afiniki ta girgiza mata kai, tana roƙonta da ido ta rufa wa mamaci asiri, ta rufa wa kanta. Tsohuwa ta gani sarai, amma ba ta zauna ba.

"Ba ita ba ce," ta ce. "Ɗana ne ba ya haihuwa, shi ya faɗa mini da bakinsa. Yarinyar nan ta ɗauki zaginku da nawa don ta rufe shi. Ita tana raya shi, ni na zo na ture ta daga murhu. Duk wanda zai sake kiranta juya, ya fara zuwa ta kaina."

 Baba Kumai ya cire hularsa ya riƙe.

Mama ta tako a hankali har bakin tabarmar. Ta durƙusa da tsofaffin gwiwoyinta a gaban matar ɗanta, abin da ba a taɓa gani ba a gidan.

"'Yata... in za ki tafi, ba zan hana ki ba, yarinya ce ke. Amma ki yi mini kuka tukuna. Ni kaɗai ba zan iya ba."

A nan ne kukan ya zo wa Afiniki. Ta faɗa jikin tsohuwar, tana kiran sunansa da ƙarfi, suka riƙe juna a ƙasa. Dangi suka tashi ɗaya bayan ɗaya, suka bar musu tsakar gidan.