Ɓerayen Gwaggo Laraba

Na'urar Tace-Ganye tana ɗiga ruwan magani a bakin ɓeraye arba'in, kowanne kwance a ɗakinsa na gilashi. A hawa na sittin na Cibiyar Magunguna ta Sabuwar Gaya, ko ɓera ba ya wahalar neman abinci.

Sahura, mai kula da gwajin, ta dubi allo. Jini na daskarewa a jijiyoyin ƙwaƙwalwar ɓerayen kamar ba su sha komai ba. Idan gwajin ya faɗi, za a hana gwaggonta Laraba ba da ganyen da ta shekara hamsin tana kare mutanen ƙauyensu da shi daga shanyewar ɓarin jiki.

Sai ta ɗauko tsohuwar ta zo ta gani da idonta.

Gwaggo ta leƙa gilashin, ta riƙe haɓa. "Waɗannan masu sarautar fa? Wa ke musu fifita?"

"Gwaggo, ɓerayen gwaji ne."

"Ke Sahura, ni ban taɓa kai wa mutum magani har gado ba. Ko hakimi ne, da ƙafarsa yake hawa dutse kowace safiya ya tsinko abinsa. Haka na gada."

Wannan batu na hawa dutse bai shiga bayanan da Sahura ta ba na'ura ba, don ba wanda ya ɗauke shi a bakin komai.

Ranar suka tara tubali a tsakiyar ɗakin gwajin, suka ɗora ganyen a can ƙoli. Ɓerayen suka yi ta hawa suna zamowa, Gwaggo na tafa hannu tana yi wa wani ƙato kirari. Aka raba su uku: masu ganye kaɗai, masu hawa kaɗai, da masu haɗa biyun.

Bayan wata guda, allo ya nuna jinin rukuni na uku yana gudu sarai. Sahura ta rungume gwaggonta har ɗankwali ya faɗi. Aka sa wa takardar izinin ba da ganyen hannu.

Shugaban cibiyar ya yi murna, amma ya sosa ƙeya. "Hajiya, garin nan titi ne ke tafiya da mutane. Mun kashe shekaru kafin mu raba su da taka ƙasa. Yanzu ta yaya za mu ɗura dutse a kwalba?"

"Ɗana, hawa nawa ne ginin nan?"

"Sittin."

Gwaggo ta gyara zani, ta wuce lif mai hawa da mutane sama, ta nufi matakala. "To ai ga dutsenku nan. Biyo ni."